Me Kake Karantawa? Tsakanin Rige-Rige Cikin Alheri Da Riya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, dalilin wannan rubutu wata muhawara ce da ta taso a masallacinmu bayan sallar La'asar. Wasu samari, mafi yawansu ɗaliban madarsa da lise, sun zo mana da shawara. Sun ƙulla alkawari tsakaninsu cewa kowannensu zai karanta littafi guda a kowane mako har shekara ta zagayo, littafi 52 ke nan. Ranar Juma'a bayan Isha'i sai su haɗu, kowa ya faɗi abin da yake karantawa, a rubuta sunansa da adadin da ya kai a takarda, a liƙa ta a bangon masallaci. Izininmu suke nema. Kafin mu buɗa baki, wani dattijo daga cikin mutanen sahun farko ya ce shi bai yarda ba. A ganinsa karatu ibada ce, ibada kuwa ba a kai ta kasuwa, kuma wanda ya liƙa sunansa a bango don a ga yawan abin da ya karanta ya riga ya karɓi ladansa daga bakin mutane. Ɗaya daga cikin samarin ya amsa masa cikin ladabi ya ce: "Baba, in ba mu yi haka ba, wallahi shekara za ta wuce ba mu buɗe ko littafi ɗaya ba, sai dai mu ƙare a fada muna shan shayi muna latsa waya." Dattijon ya ce: "Ɗana, gara ka sha shayinka da ka ɓata niyyarka."

Ba mu yanke magana a ranar ba, domin mun ga kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Tambayar kuwa ta wuce masallacinmu, ta shafi kowane mai neman ilimi. Shin ya halatta mutum ya riƙa faɗa wa jama'a abin da yake karantawa? Shin ɗaukar wa kai adadi da wa'adi, da yin tsere da abokai a kansa, taimakekeniya ce bisa alheri, ko kuwa ƙofa ce ta riya da aka yi wa ado?

Abin da magabata suka yi game da faɗin abin da aka karanta

Mu fara da ɓangaren samarin, domin suna da hujja mai ƙarfi ko da ba su san ta ba. Ilimin musulunci tun asalinsa daga baki zuwa kunne ya yaɗu. Imamu Buhari ya kawo labarin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi da maƙwabcinsa mutumin Madina, Allah Ya yarda da su. Gidajensu suna can gefen gari, kuma kowannensu yana da sana'ar da zai nema wa iyalinsa abinci. Sai suka raba kwanaki: yau wannan ya je majalisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gobe wancan ya je, wanda ya je kuwa ya komo ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya ji. Da ɗayansu ya ce zai ɓoye abin da ya samu don tsoron riya, da rabin ilimin ya ɓace wa ɗan'uwansa. Haka kuma ya tabbata cewa Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani tare da Manzon Allah a kowane watan Azumi, a shekarar ƙarshe ma sau biyu aka yi. Karatu tare da abokin bita, a lokaci sananne, yana da asali ke nan.

Malamanmu na wannan ƙasa su ma ba su ɓoye karatunsu ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, ya wallafa ɗan littafi a shekarar 1812 mai suna Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Ba wanda ya tuhume shi da alfahari. Ta wannan littafin ne ma muka san irin karatun da ake yi a ƙasar Gobir da Adar da Agadas a zamaninsa, da yadda ɗalibi yake tashi daga wannan malami zuwa wancan. Kafin shi, Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya ba da tarihin malaminsa Muhammadu Bagayogo, ya ambaci abin da ya karanta a gabansa cikin shekaru fiye da 10, ya kuma yabe shi da cewa mutum ne mai ba da aron littattafansa masu daraja ga duk ɗalibin da ya zo ƙofarsa, ko da bai san shi ba. Faɗin sunan littafi, da nuna inda ake samunsa, da miƙa shi ga mai buƙata, duka aikin malamai ne na ƙwarai.

Abin da magabata suka yi game da adadi da wa'adi

A nan ma samarin ba su zo da baƙon abu ba. Me ya sa aka kasa Alƙur'ani izu 60? Domin mai karatu ya san ma'auninsa. Wanda ya lizimci izu biyu kullum zai sauke a wata guda, kuma kowa ya san yadda masallatanmu suke cika a watan Azumi saboda wannan ƙidaya. A watan nan ne malamai suke ɗaukar wa kansu kammala tafsiri, wasu kuma su sauke Ashafa ta Alƙali Iyal kafin ganin watan Salla. Tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a garuruwanmu, rabinsa Imamu Suyuɗi ne ya rubuta shi cikin kwana 40 kacal a shekarar 870 ta Hijira, shi ne kuma malamin nan da ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina. Imamu Nawawi a zamanin ɗalibtarsa a Dimashƙa darasi 12 yake ɗauka a kowace rana. Haɗibul Bagadadi ya karance Sahihul Buhari gaba ɗaya cikin kwana 5 a Makka, a gaban wata malama mai suna Karimatu ƴar Ahmadu. Waɗannan mutane ne da suka san darajar lokaci, suka ɗaure kansu da wa'adi domin sun san ran ɗan Adam in an sake masa linzami kwanciya yake yi.

A zamaninmu ma akwai misalin wannan. A shekarar 2015 hukumomin Dubai suka buɗe gasar karatu ta ɗaliban ƙasashen Larabawa, inda ake neman kowane yaro ya karanta littafi 50 cikin shekarar karatu. Miliyoyin yara suka shiga, kuma wanda ya zo na ɗaya a karon farko, a 2016, yaro ne ɗan shekara 7 daga maƙwabciyarmu Aljeriya. Abin lura shi ne ko a can ba a tsaya ga ƙidaya kaɗai ba: sai yaro ya rubuta taƙaitaccen bayanin kowane littafi, sannan alƙalai su yi masa tambayoyi su ga ko ya fahimta.

In da nan magana ta tsaya, da mun ce wa samarin su je su liƙa takardarsu. Amma dattijon nan ba don ƙin alheri ya yi magana ba.

Abin da dattijon yake tsoro

Tsoronsa na farko shi ne riya, kuma tsoro ne da ya dace da kowane mumini. A cikin Sahihu Muslim an ba da labarin mutum uku da za a fara yi wa hisabi ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu mai ilimi ne kuma makarancin Alƙur'ani, wanda za a bayyana cewa ya yi karatunsa ne don mutane su kira shi malami, sun kuwa kira shi, ladansa ya ƙare a nan. Wanda ya san wannan hadisin dole gabansa ya faɗi in ya ga an rubuta sunansa a bango da lamba a gefensa. Riya ba ta zuwa da ganga. Saurayi zai fara da kyakkyawar niyya, mako na uku ya ga abokinsa ya wuce shi da littafi biyu, daga nan zuciyarsa ta bar littafin ta koma kan takardar bango.

Tsoro na biyu, wanda dattijon bai faɗa ba amma mu muka hango, shi ne abin da ƙidaya take yi wa karatun kansa. Duk abin da aka ce adadinsa za a duba, to mutane adadin za su bauta wa. In littafi guda maki guda ne, ƴar ƙasida mai shafi 20 da ake sayarwa a ƙofar masallaci ta yi daidai da Muwaɗɗa ta Imamu Malik ke nan. Wane saurayi ne zai ɗauki Muwaɗɗa alhali ya san za ta riƙe shi wata shida ba a ƙara masa ko maki ɗaya ba? Sai ya koma neman sirara. Daga nan sai tsallaken shafi, daga tsallake sai duba farko da ƙarshe, daga nan kuma, Allah Ya kiyaye, sai ƙarya: a ce an karanta abin da aka taɓa bangonsa kawai. Ka ga an fara da neman ilimi an ƙare da saɓon Allah. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Shari'a da kanta ta sa wa sauri iyaka. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi saurayi ne mai ƙwazo, yana so ya riƙa sauke Alƙur'ani kowane dare. Manzon Allah ya umurce shi ya riƙa saukewa a wata. Da ya nuna yana da ƙarfin fiye da haka sai aka yi ta rage masa har zuwa kwana 7, a wata ruwayar kwana 3, aka hana shi yin ƙasa da haka, saboda wanda ya wuce wannan sauri ba zai fahimci abin da yake karantawa ba. In an yi wa Littafin Allah wannan iyaka, alhali kowane harafinsa lada ne, ina ga littafin da ba shi da amfani sai an gane shi? Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umaru ya shekara 8 yana koyon suratul Baƙara, sura da ba ta cika izu biyar ba, wadda yaran makarantar allo suke haddacewa cikin ƴan watanni. Da an liƙa takarda a bangon masallacin Madina, da sunan wannan babban sahabi yana can ƙasa.

Su ma malaman da muka ambata da sauri, mu duba su da kyau. Haɗibul Bagadadi bai karance Buhari cikin kwana 5 don ya san abin da ke ciki ba. Ya riga ya san shi, ruwayarsa yake ingantawa a gaban mai isnadi. Ahmadu Baba kuwa, wanda aka ce littattafansa sun kai 1,600 lokacin da mayaƙan Maroko suka kama shi, shi ne ya faɗa cewa ya sauke Muhtasar na Halilu wajen sau 8 a gaban malaminsa guda. Muzani, almajirin Imamu Shafi'i, an ruwaito cewa ya yi shekara 50 yana duba Risalar malaminsa ta usulul fiƙhi, kuma duk sanda ya duba sai ya ƙaru da abin da bai gani ba a da. A takardar samarinmu duk wannan maki ɗaya ne.

Akwai kuma labarin Ibnu Sina, likitan nan masanin falsafa da ya rasu a 1037. Ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa ya karanta wani littafin Aristo sau 40 har ya haddace shi, amma bai gane manufarsa ba, har ya fid da rai. Wata rana a kasuwar masu sayar da littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi na Farabi a kan dirhami 3. Da ya koma gida ya karanta shi, sai ƙofar da ta shekara a rufe ta buɗe. Wannan labari ya ba kowane ɓangare amsa. Yawan ƙidaya bai ba shi fahimta ba. Abin da ya cece shi shi ne wani mutum da ya ce masa: karanta wannan.

Ina iyakar take?

Da muka auna duka wannan, sai muka ga cewa dattijon da samarin ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Akwai zance iri biyu da suka yi kama a baki amma suka sha bamban a sakamako. Wani zai ce: "Na karanta littafi goma a wata biyu." Wani kuma zai ce: "Ina karanta babin gado a Risala, na tarar ashe kaka tana da rabo, mu kuwa a gidanmu ba a ba ta ba, ku taimake ni in gane." Mu tambayi kanmu, wa ya ƙaru da zance na farko? Mai sauraro bai tashi da kome ba sai sanin cewa wane ya fi shi. Amfanin duka ya koma ga mai magana. Zance na biyu kuwa ya sa wa kowa wani abu a hannu, wataƙila ma ya zama sanadin mayar da haƙƙi ga mai shi, kuma mai faɗinsa ya bayyana jahilcinsa tare da iliminsa. Ma'aunin da muka tsaya a kansa ke nan: a duba wanda ya ƙaru da faɗin. In mai ji ne ya ƙaru, nasiha ce da isar da ilimi. In sunan mai faɗi ne kaɗai ya ƙaru, a ji tsoron Allah.

Haka ma adadi. Ma'auni bawa ne nagari matuƙar yana hannun mai shi. Manomi yakan ce yau sai na kai ƙarshen kunya goma kafin in sha fura, wannan yana taimakonsa ya gama noma kafin ciyawa ta ci gero. Amma ranar da ya fara tsallake ciyawa don a ce ya riga maƙwabcinsa kai gefen gona, rumbunsa ne zai ba da shaida da kaka. Adadin da mutum ya ɗaukar wa kansa gwargwadon ƙarfinsa da lokacinsa horon rai ne. Adadin da aka yanka wa kowa bai ɗaya, aka kafa shi a bango, ya fi kusa da zama tarko.

Wani zai ce mana: ai ko zance na biyun ma riya tana iya shigarsa, mutum ya kawo fa'ida don a ce ya iya tsamo fa'ida. Gaskiya ne, kuma ba mu da maganin da zai rufe wannan ƙofa ruf, domin zuciya ba mai ganinta sai Mahaliccinta. Sai dai malamai sun yi gargaɗi game da kishiyar wannan cuta. An ruwaito daga Fulailu ɗan Iyal cewa barin aikin alheri saboda mutane shi ma wani nau'i ne na riya. Wanda ya rufe bakinsa ga fa'ida don kada a yabe shi, har yanzu idon mutane yake kallo. Shaiɗan ba ya damuwa ta wace ƙofa ya shigo, muddin littafin ya rufu. Saboda haka ba mu yarda da maganar dattijonmu ba, Allah Ya ƙara masa daraja, cewa gara shan shayi da karatun da niyyarsa ta gauraya. An ruwaito daga malaman farko da dama, cikinsu har da Mujahidu almajirin Ibnu Abbas, cewa sun fara neman ilimi ba su da wata cikakkiyar niyya, daga baya Allah Ya azurta su da ita. Wane ne a cikinmu ya shiga makarantar allo don Allah tsantsa? Tsoron bulala ne da kwaɗayin walimar sauka suka kai mu, ilimin da kansa ya gyara mana niyya daga baya. Saurayin da gasa ta jawo shi ga littafi yana kan hanya, a bar shi ya shigo, sannan a nuna masa abin da ya fi gasa. Wanda aka kora ya koma fada, ba mu san ranar da zai sake waiwayo ba.

Haɗurra biyu da ba a ambata ba

Akwai abu biyu da ba wanda ya tayar a muhawarar, mu kuwa muna ganin sun kai riya haɗari. Na ɗaya, majalisin da kowa yake faɗin abin da ya karanta yana iya rikiɗewa ya zama majalisin fatawa. Yaro ya karanta fassarar littafi guda cikin mako, ya zo ya ce sallar mahaifinsa ba ta yi ba. Mun ga yadda irin wannan ya raba masallatai, ya raba ɗa da uba. Littafi ba ya jin tambaya, ba ya kuma sanin halin mai karanta shi. Wannan ne ya sa magabatanmu suka jera karatu daki-daki, daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala, kafin a kai ga Askari da Muhtasar, kuma kowanne a gaban malami. Wanda zai ba da labarin karatunsa ya ce: na gani a littafi kaza, babi kaza, ga abin da na fahimta. Kada ya ce hukuncin Allah shi ne kaza, sai an kai maganar ga masu ita.

Na biyu, tsere yana da waɗanda yake bari a baya. A sahun masallacinmu akwai ɗan kasuwa da zai iya sayen littafin jika biyar bai ji a jikinsa ba, akwai kuma wanda kuɗin ya fi abincin gidansa na kwana biyu. Akwai ɗalibi mai hutu, akwai manomi da damina ba ta bar masa ko sa'a guda. Akwai wanda yake haɗa baƙi da ƙyar. Ƙididdigar hukumomi ta nuna cewa a ƙasarmu Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba, kuma mata ne suka fi yawa cikin waɗanda ba su samu ba. A irin wannan ƙasa, wanda Allah Ya ba karatu amana ce aka ɗora masa. Takardar da za ta nuna wane ya yi 30 wane ya yi 2 za ta kunyata mai rauni ya daina zuwa, alhali shi ya fi kowa buƙatar majalisin. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta tara mata don a ga wadda ta fi karatu ba. Ta koyar da jajis, ta aike su ƙauyuka su kai wa matan da ba su iya zuwa. Tsarin ƴan taru ke nan, kuma shi ya fi dacewa da halinmu.

Abin da muka shawarta

Da Juma'a ta zagayo muka tara su, muka gaya musu ga abin da muka gani. Majalisin mako-mako ya tabbata, muna ma roƙon Allah Ya sa kowane masallaci ya yi irinsa. Takardar bango ita ma za a liƙa, amma a cire sunaye da maki. A rubuta sunayen littattafan da ke hannun jama'a waɗanda masu su suka yarda a ara, da wurin wanda kowanne yake. Wanda ya ara ya mayar a kan lokaci kuma cikin mutunci, domin rashin mayar da aro shi ya sa masu littattafai suka kulle akwatunansu.

Kowa ya ɗaukar wa kansa ma'aunin da zai iya, ko shafi biyu ne a rana, ya faɗa wa aboki guda da zai riƙa tambayarsa, kamar yadda Sayyidina Umaru ya yi da maƙwabcinsa. Wanda ke da ƙarfin littafi a mako, ga fili ga mai doki, amma tsakaninsa da abokinsa da Ubangijinsa. A majalisi ba za a tambayi kowa nawa ya karanta ba. Za a tambaye shi abu biyu: wace fa'ida ka samo mana, kuma mene ne ya shige maka duhu? Wanda ya zo da tambaya ba tare da fa'ida ba, an karɓa, domin matambayi ba ya ɓata.

Sannan a samu littafi guda da jama'a duka za su bi tare a hankali. Mun zaɓi Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, hadisi 42 ne, ɗaya a kowane mako, sauran makonni 10 na shekara a bar su don Azumi da Salla da aikin gona. Shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, a ɗauki Risala babi-babi. Ba mu kuma taƙaita karatu ga littattafan addini ba. Wanda ya karanta abin da ya shafi noma ko kiwo, ko kiwon lafiyar yara, ko tarihin ƙasarmu, da Larabci ne ko Hausa ko Faransanci, da boko ko da ajami, ya kawo mana, duk abin da zai amfani musulmi muna so. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda muka fi ƙarfafawa: duk wanda ya halarci majalisi, kafin Juma'a ta gaba ya isar da abu guda da ya ji ga wani wanda ba ya iya karantawa da kansa, mahaifiyarsa ce, ko matarsa, ko maƙwabcinsa, ko abokansa na fada tsakanin shayi na farko da na biyu.

Wasu daga cikin samarin ba su ji daɗin cire makin ba, sun ce gasar ce gishirin abin. Dattijon shi ma bai ce ya gamsu ba. Abin da ya ce shi ne zai riƙa zuwa yana zama a gefe, duk wanda ya ji yana ƙamshin alfahari zai tambaye shi ma'anar abin da ya karanta kalma-kalma. Muka ce masa: Baba, wannan aikin ma shi muke nema a wurinka.

Ya ku ƴan'uwa, kowannenmu ya tambayi kansa yau: wane littafi ne a hannuna, kuma wa ya ƙaru da shi ban da ni? Wanda ba shi da amsar tambaya ta farko ya nemi aro ya fara. Wanda ba shi da amsar ta biyu ya dubi mutanen gidansa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga ilimin da zai zama hujja a kanmu, Ya tsarkake zukatanmu daga riya da jiji da kai. Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa.